Janar Grierson: Mai Tsoron Doki Da Ya Jagoranci Barade

Mu da aka haifa a nan kudu, doki sai dai mu gan shi a hoton hawan sallah, ko in mun je gida ganin dangi. Amma mun taso muna jin labarin barade da 'yan lifidi a bakin kakanninmu. Shi ya sa tarihin Benjamin Grierson, wani janar na rundunar dawaki a yaƙin basasar Amurka, ya ja hankalinmu.

An haife shi a 1826 a jihar Pennsylvania. Yana ɗan shekara takwas doki ya harbe shi, ya kusa hallaka shi, tun daga nan ya tsani dawaki. Da ya girma sai ya zama malamin kiɗa a garin Jacksonville na jihar Illinois. Ya taɓa kasuwanci, jari ya karye.

Yaƙi ya ɓarke a 1861 tsakanin Arewa da jihohin Kudu da suka ɓalle don kare bauta. Grierson ya shiga sojan Arewa, sai ga shi an tura shi rundunar dawaki, abin da ya fi gudu. Ya koyi aikin har ya kai kanar.

A 1863 Janar Grant yana neman ƙwace Vicksburg, garin da ya tsare kogin Mississippi, yana kuma buƙatar wanda zai ɗauke hankalin abokan gaba kafin ya tsallaka da sojojinsa. Ranar 17 ga Afrilu, Grierson ya bar La Grange da mahaya kusan 1,700, ya ratsa tsakiyar jihar Mississippi. Suka tsinke layin dogo, suka yanke wayar tangaraho, suka ƙona kayan yaƙi. Dabararsa ita ce ya riƙa tura ƙananan ƙungiyoyi nan da can, har 'yan Kudu suka rasa inda ya dosa, suka watsa sojojinsu wajen nemansa. Ranar 2 ga Mayu ya isa Baton Rouge, bayan tafiyar mil kusan 600, kwatankwacin Legas zuwa Kano, ba tare da ya yi asarar mutane da yawa ba. Aka ba shi janar, Vicksburg kuma ta faɗi ranar 4 ga Yuli.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne bayan yaƙi. A 1866 aka ba shi Runduna ta 10 ta Dawaki, wadda sojojinta baƙar fata ne, da yawansu 'yantattun bayi. Wasu hafsoshi farar fata suna ganin wannan aiki ƙasƙanci ne. Shi kuwa ya karɓa, ya tsaya wa mutanensa duk lokacin da aka wulaƙanta su a bariki, har abokan aikinsa suka riƙa yi masa kallon saniyar ware. Sai dai mu faɗi gaskiya: wannan runduna an yi amfani da ita wajen yaƙar 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake ƙwace wa filaye. Ya yi ritaya a 1890, ya rasu a 1911.

Mu mazauna zango mun san zafin a kalle ka a matsayin baƙo a inda aka binne cibiyarka. Mun kuma san darajar shugaban da zai shiga gaba ya yi magana ranar da aka taɓa mutanensa, ko da manya za su juya masa baya. Allah ya ba mu irinsu a unguwarmu.