Jam'iyyar Dimokuraɗiyyar Kirista ta Italiya da batun ɗa'a, 1948-1994

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu duba tarihin wata jam'iyya ta masu ra'ayin mazan jiya wadda ta kafa siyasarta bisa da'awar cewa ita ce mai tsaron addini, iyali da kyawawan ɗabi'u, wato jam'iyyar Democrazia Cristiana ta ƙasar Italiya, da ake taƙaita sunanta da DC. Mun zaɓe ta ne saboda labarinta ya kai ƙarshe: an san mafarinta, an san ranar da ta rushe, kuma kotuna sun yanke hukunci a kan shugabanninta. Tambayarmu ita ce: shin DC ta rasa hurumin yin magana da sunan ɗa'a, in kuwa ta rasa, yaushe ne? Abin da aka saba faɗi shi ne binciken cin hanci na 1992 ne ya tozarta ta. Mu a ganinmu da'awar ta riga ta zube tun kafin nan, kuma abin da ya riƙe jam'iyyar a tsaye wani abu ne daban.

1. Tushen da'awar

An kafa DC a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin jagorancin Alcide De Gasperi, mutumin da gwamnatin Mussolini ta taɓa ɗaurewa, wanda daga bisani ya samu mafaka a matsayin ma'aikacin laburaren Fadar Paparoma. Ya zama firaminista a watan Disamba na 1945. Daga wannan lokaci har zuwa watan Yuni na 1981, duk wanda ya riƙe wannan muƙami ɗan DC ne.

Zaɓen 18 ga Afrilu 1948 shi ne ya kafa wa jam'iyyar siffarta. Ta samu kashi 48,5 cikin 100 na ƙuri'u a kan haɗin gwiwar ƴan kwaminis da ƴan gurguzu. Cocin Katolika ta shiga yaƙin zaɓen gadan-gadan ta hanyar kwamitocin da Luigi Gedda ya shirya a majami'u, kuma a 1949 Fadar Paparoma ta fitar da doka ta korar masu bin aƙidar kwaminisanci daga coci. Saboda haka, ga talakan ƙauye mai zuwa coci, jefa wa DC ƙuri'a wani ɓangare ne na ibada.

Abin lura a nan shi ne da'awar tana da ƙafa uku. Ta farko ita ce tsaron aure da iyali. Ta biyu ita ce riƙon amana, wanda zaman ƙanƙan da kai na De Gasperi ya zama shaida a kansa. Ta uku ita ce kare ƙasa daga kwaminisanci. Biyun farko batutuwan ɗa'a ne, ta ukun kuwa batun tsoro ce. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

2. Aure da iyali

A watan Disamba na 1970 majalisar dokoki ta halatta sakin aure duk da adawar DC. Ƙungiyoyin Katolika suka nemi a yi zaɓen raba-gardama domin soke dokar, sakataren jam'iyya Amintore Fanfani kuma ya ɗauki yaƙin a kansa. A watan Mayu na 1974 kashi 59 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa da sokewar. A 1981 aka sake irin wannan gwaji a kan dokar 1978 ta zubar da ciki, kusan kashi 68 cikin 100 suka zaɓi a bar dokar.

Wannan bai nuna jam'iyyar ta yi rashin gaskiya ba. Abin da ya nuna shi ne ba ta ƙara iya cewa tana magana da yawun al'umma a kan sha'anin gida, tun da wasu daga cikin masu zaɓenta ma sun saɓa mata. Bugu da ƙari, shugaban gwamnatin da ya sa hannu a dokar 1978, Giulio Andreotti, ɗan DC ne. Jam'iyyar ta gwammace ci gaba da mulki a kan ta ajiye shi saboda aƙida.

3. Riƙon amana

Ƙafa ta biyu ta lalace ne a hankali. Bayan rasuwar De Gasperi a 1954, jam'iyyar ta nemi ta rage dogaro da coci ta hanyar kafa gindinta a cikin hukumomin gwamnati: kamfanonin ƙasa irin su IRI da ENI, bankuna, da asusun raya kudancin ƙasa da aka kafa a 1950. Kowane ɓangare na jam'iyyar yana da kasonsa na muƙamai gwargwadon ƙarfinsa a babban taro. Neman aiki, fansho ko kwangila ya koma sai da takardar wani babba. Duk da haka, bai kamata a manta ba cewa a ƙarƙashin wannan mulki ne aka raba wa manoma filaye a 1950, kuma Italiya ta zama ƙasa mai masana'antu.

A 1976 badaƙalar kamfanin jiragen sama na Lockheed ta fito fili. A watan Maris na 1977 Aldo Moro ya tashi a majalisa domin kare tsohon minista Luigi Gui, inda ya nuna cewa jam'iyyarsa ba za ta yarda a yi mata shari'a a dandalin jama'a ba. Kotu ta wanke Gui a 1979, amma jawabin ya zauna a zukatan mutane a matsayin shaidar jam'iyyar da take ganin ta fi ƙarfin a tuhume ta. A 1981 aka gano jerin sunayen ƴan ƙungiyar asiri ta P2, wanda ya ƙunshi ministoci da hafsoshin soja, gwamnatin Arnaldo Forlani ta faɗi. A watan Yuli na wannan shekara shugaban ƴan kwaminis Enrico Berlinguer, a wata hira da jaridar La Repubblica, ya zargi jam'iyyun mulki da mamaye hukumomin ƙasa, ya kuma mai da batun ɗa'a makami a kan waɗanda suka daɗe suna riƙe da shi.

Mafi muni shi ne sha'anin tsibirin Sisiliya. An kashe Salvo Lima, na hannun daman Andreotti a can, a watan Maris na 1992. An gurfanar da Andreotti, wanda ya shugabanci gwamnati sau bakwai, bisa zargin hulɗa da mafiya. An sallame shi a 1999, amma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hulɗar ta tabbata har zuwa 1980, sai dai wa'adin hukunta laifin ya wuce. Kotun ƙoli ta tabbatar da haka a 2004.

4. Tsoro

To me ya sa jama'a suka ci gaba da zaɓen DC? A 1976, ana tsakiyar badaƙala, ta samu kashi 38,7, ƴan kwaminis kuma 34,4. A wannan zaɓe ne ɗan jarida Indro Montanelli ya shawarci masu karatunsa su toshe hanci su zaɓi DC. Shawarar ta bayyana halin da ake ciki: mai zaɓe ya san da warin, amma yana ganin abin da ke ɗaya gefen ya fi haɗari.

Da katangar Balin ta faɗi a 1989, jam'iyyar kwaminis kuma ta sauya suna a 1991, wannan uzuri ya ƙare. Ranar 17 ga Fabrairu 1992 aka kama Mario Chiesa, ɗan jam'iyyar gurguzu, a Milan da cin hancin lira miliyan 7. Daga nan masu shigar da ƙara, cikinsu har da Antonio Di Pietro, suka tono tsarin da jam'iyyu ke raba kaso daga kuɗin kwangila. Ma'ajin DC, Severino Citaristi, ya samu takardun bincike fiye da 70, kuma an samu Forlani da laifin karɓar kuɗin jam'iyya ba bisa doka ba. A watan Afrilu na 1992 DC ta faɗo kashi 29,7. A watan Janairu na 1994 aka rushe ta, magajiyarta ta samu kashi 11 kacal a watan Maris. Masu bincike ba su gaya wa jama'a abin da ba su zata ba. Sun zo ne a lokacin da jama'a ba su da sauran dalilin haƙuri.

Kammalawa

Adalci ya wajabta mu bambanta jam'iyya da mutanenta. Moro ya rasa ransa a hannun ƴan Brigate Rosse a 1978 bayan kwana 55 a tsare. Piersanti Mattarella, shugaban yankin Sisiliya kuma ɗan DC, an harbe shi ranar 6 ga Janairu 1980 yana ƙoƙarin tsabtace harkar kwangila. Ƙanensa Sergio ya zama shugaban ƙasa a 2015. Jam'iyya ɗaya ce ta ƙunshi Lima da Mattarella, kuma laifinta shi ne ta zauna da su duka biyun ba tare da ta zaɓa ba.

Amsarmu ke nan: DC ta rasa huruminta, kuma ta rasa shi tsakanin 1974 da 1981, fiye da shekara goma kafin rushewarta. Ga mai nazarin jam'iyyun da ke kiran kansu masu tsaron ɗa'a, yawan ƙuri'a ba ma'auni ba ne. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da mai zaɓe yake bayarwa. Muddin ya daina cewa mutanensa na kirki ne, ya koma cewa abokan hamayya sun fi su muni, to da'awar ta riga ta faɗi, ko da jam'iyyar tana kan mulki.