Da Girkawa Sun Kafu A Afirka, Da Sun Iso Mana?

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai fataucin hatsi a ƙasar Damagaram. Ya ce ya ji an ce tun kafin Rumawa mutanen Girka sun taɓa kafa gari a Afirka. Yana son ya san ko gaskiya ne, kuma in gaskiya ne, da a ce garin ya yi ƙarfi ya bunƙasa, shin da sun ƙetaro Sahara har yau ana ciniki da Girkanci a kasuwanninmu?

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da ka ji gaskiya ne. Amma kafin mu shiga "da a ce", bari mu fara da abin da ya auku. Sai dai a lura, shekarun da ke kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, baya-baya ake ƙirga su, wato shekara ta 631 ta riga ta 570 zuwa.

Sunan garin Kirene, kuma kufansa na nan har yau a gabashin Libiya, kusa da garin Shahhat, a kan tsaunin da Larabawa ke kira Jabalul Akhdar, wato koren dutse. Waɗanda suka kafa shi mutanen wani ƙaramin tsibiri ne na Girka mai suna Tira, wanda yau ake kira Santorini. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotas, ya ce fari ne ya koro su, shekara 7 ba ruwan sama. Aka yi ƙuri'a tsakanin 'yan'uwa, wanda ta faɗa kansa ya shiga jirgi. Jirage 2 kacal suka tashi, ƙarƙashin wani mutum da ake kira Batus. Da wuya ta yi wuya suka juya gida, amma danginsu suka yi ta jifarsu daga gaɓa, suka hana su sauka. Ka ji yadda abin ya faro. Ba mayaƙa ba ne masu neman daula, mayunwata ne masu neman gona.

Suka yi shekara 2 a wani tsibiri a bakin gaɓar Libiya, suka yi 6 a wani wuri mai suna Aziris. Daga nan 'yan ƙasa suka ce su zo a nuna musu wurin da ya fi. Amma da aka zo wucewa ta Irasa, inda ƙasa ta fi ko'ina kyau, sai 'yan rakiyar suka daidaita tafiya aka bi ta wurin da dare, don kada baƙi su gani su yi kwaɗayi. Aka kai su bakin wani marmaro, aka ce su zauna nan, ruwan sama ba ya yankewa. Wannan wajen shekara ta 631 ke nan.

Ƙasar kuwa ta karɓe su. Da yake tsaunin hawa-hawa ne, amfanin bakin teku shi ke fara nuna, sai na tsakiya, sannan na can bisa, har Hirodotas ya ce wata 8 ake yi ana girbi. Wani rubutu da aka tono a jikin dutse a kufan garin ya nuna cewa lokacin wata yunwa da aka yi a Girka wajen shekara ta 330, Kirene ta aika wa garuruwan Girka hatsi awo 805,000. Awonsu ɗaya ya ɗan gaza rabin babban buhu, ka ga a ƙiyasi ya haura buhu 300,000. Jikokin waɗanda yunwa ta kora su ne suka dawo suna ciyar da gida. Garin ya kuma yi suna wajen dawaki da malamai. A nan aka haifi Iratostinis wajen shekara ta 276, mutumin da ya auna kewayen duniya da inuwar rana.

To, yanzu sai mu zo kan "da a ce". Sau biyu Girkawa suka yunƙura su faɗaɗa zuwa yamma, kuma a nan ne tarihi zai iya sauya hanya.

Na farko wani ɗan sarki ne daga birnin Isparta, sunansa Doriyus. Aka naɗa wansa sarauta, shi kuwa ya ce ba zai zauna ƙarƙashinsa ba. Wajen shekara ta 515 ya kwashi jama'arsa ya sauka a bakin kogin Kinifs, wanda yau ake kira Wadi Ka'am, gabas da Tarabulus. Wuri ne mai baƙar ƙasa da idanun ruwa. Amma bai nemi yardar masu ƙasa ba. A shekara ta 3, ƙabilar Makai ta haɗa kai da mutanen Kartaj, babban birnin fatake da ke ƙasar Tunisiya ta yau, suka fatattake shi. Daga baya ya je tsibirin Sisili, can aka kashe shi. Hirodotas ma da kansa ya yi tasa "da a ce" a kan mutumin nan. Ya ce da ya yi haƙuri ya zauna gida, da sarautar ta faɗo hannunsa, don wan nasa ya mutu bai bar ɗa namiji ba.

Da Doriyus ya kafu fa? Wurin da ya zaɓa yana daf da Labda, birnin da daga baya ya yi arziki da man zaitun har ya haifi Sarkin Rum Saftimiyus Safirus. Daga wannan gaɓa ce kuma hanya ke gangarawa Fazzan, hanyar da bayan ƙarnuka ayari ya riƙa bi ta Murzuk da Bilma zuwa Barno. Saboda haka da bakin wannan hanya ya kasance a hannun Girkawa, ba a hannun mutanen Kartaj ba.

Yunƙuri na biyu ya fi girma. A shekara ta 308, gwamnan Kirene mai suna Ofelas ya ƙulla yarjejeniya da Agatokilis, mai mulkin birnin Sirakus na Sisili, wanda a lokacin ya ƙetaro yana yaƙar Kartaj. Sharaɗin shi ne in an ci birnin, Ofelas ya riƙe ƙasar Afirka. Ya tashi da dakaru sama da 10,000, da mahaya 600, da kekunan yaƙi 100, ga wasu mutane wajen 10,000 biye da su, da mata da yara, kowa yana sa ran samun gona. Suka yi fiye da wata 2 suna tafiya a bakin hamada cikin ƙishirwa da yunwa. Da suka isa, abokin nasa ya tarye shi da fara'a, bayan 'yan kwanaki ya auka masa ya kashe shi, ya haɗe rundunarsa. Kartaj kuwa ta tsira. Da amana ta riƙe aka ci birnin, da gaɓar teku tun daga Masar har Tunisiya ta zama ta masu jin Girkanci, kuma da wuya a yi yaƙe-yaƙen nan na Rum da Kartaj yadda aka yi su daga shekara ta 264 zuwa ta 146.

Duk wannan zai yiwu. Amma tambayar malam ita ce, da sun iso mana? A ganinmu, a'a. Ga dalilai.

Na ɗaya, ai Kirene ta daɗe. Tun daga kafa ta har zuwa lokacin da Amru ɗan Asi ya ci yankin Barƙa wajen shekara ta 642 bayan haihuwar Annabi Isa, an yi sama da shekara 1,200 ana jin Girkanci a wurin. Sun sami lokaci isasshe, amma garuruwansu duka a bakin teku da kan tsauni suka tsaya.

Na biyu, noma. Wannan kam manomi zai fi kowa ganewa. Abincin Bagirke alkama ne da sha'ir da zaitun da inabi, kuma duk ruwan lokacin sanyi suke so. A Jabalul Akhdar ruwa na sauka ne daidai lokacin da mu muke cikin hunturu. Kudu da hamada kuwa damina da zafi take zuwa, ƙasar gero da dawa ce. Mutumin da ya bar gida don neman gona ba zai ƙetare rairayi ya je inda irinsa ba zai yi ba.

Na uku, hamada tana da masu ita. A Fazzan akwai wata al'umma da ake kira Garamanti, hedkwatarsu Jarma. Sun haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa suna noman rani, kuma su suka san rijiyoyi. Raƙumi ma bai yawaita a wannan yanki ba sai zamanin Rumawa. Labarin kudu kuwa ji kawai Girkawa suke yi. Mutanen Kirene ne suka gaya wa Hirodotas labarin wasu samari 'yan Libiya da suka kutsa hamada har suka tarar da wani babban kogi mai kadoji, yana gudu daga yamma zuwa gabas. Wasu masana na jin kogin Kwara ne. Ko ma wanne ne, 'yan ƙasa ne suka je, ba baƙi ba. Rumawa ma, da suka gaji Kirene a shekara ta 96 kuma suka fi Girkawa ƙarfi nesa ba kusa ba, haka suka ƙare. Mutuminsu Yuliyus Matarnus, da ya yi tafiyar wata 4 kudu har ƙasar da ake samun karkanda, a cikin tawagar sarkin Garamanti ya tafi.

Na huɗu, ko a inda suka zauna, zamansu ya dogara ne ga jituwa da masu ƙasa. Tun farko sun auri matan Libiya, har Hirodotas ya ce matan Kirene ba sa cin naman saniya, kamar matan 'yan ƙasa. Rigima ta taso ne a zamanin Batus na 2, da aka yi shela a Girka cewa kowa ya zo za a ba shi gona. Gonar wa? Aka yanki ƙasar makiyaya. Sarkinsu Adikiran ya kai kuka wurin Fir'auna Afris na Masar. Girkawa suka ci rundunar Masar a Irasa wajen shekara ta 570, amma ba a jima ba, a zamanin sarki na gaba, 'yan Libiya suka kashe musu dakaru 7,000 a yaƙi guda. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Ko babbar hajar da garin ke taƙama da ita a hannun daji take. Wani tsiro ne mai suna silfiyum, ana tatsar danƙonsa a sa a miya, a yi magani. Tsadarsa ta kai har hotonsa suke bugawa a jikin kuɗinsu. Ba ya shukuwa, sai dai a je jeji a samo. Aka yi ta haƙa ba hutu, masu hayar makiyaya suka sake masa tumaki, makiyayan da aka ɓata wa rai kuma suka riƙa tumɓuke saiwarsa. Marubucin Rum Filini ya ce a zamaninsa kara ɗaya tak aka samu, aka kai wa Sarki Niro, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa ta 68 bayan haihuwar Annabi Isa. Tun daga nan kasuwarsa ta mutu.

Saboda haka malam, da Doriyus ko Ofelas sun yi nasara, abin da zai sauya shi ne wanda ke zaune a bakin teku yana sayen kayan ayari. Wataƙila da wasu kalmomin ciniki na Girkanci sun biyo fatake sun gangaro, kamar yadda na Larabci suka yi daga baya. Amma jagora da rijiya da gishiri, da suna nan a hannun mutanen hamada. Kufan Kirene kuwa, Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, ginshiƙansa na tsaye, marmaron da aka fara nuna wa Batus yana gefensu.

Da fatan malam ya gamsu. Sauran masu wasiƙu a yi mana haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.