Jackie Robinson: Daga Kansas City Zuwa Brooklyn

An haifi Jack Roosevelt Robinson ranar 31 ga Janairun 1919 a garin Cairo na jihar Georgia, a kudancin Amurka, cikin iyalin da ke noma gonar wani ana raba amfani. Mahaifinsa ya fice ya bar gida tun yaron yana goye, sai mahaifiyarsa Mallie ta kwashi 'ya'yanta biyar ta koma Pasadena a jihar California a 1920. Yayansa Mack ne ya zo na biyu a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, yana biye da Jesse Owens. Shi kuwa Jackie, a jami'ar UCLA ya yi fice a wasanni huɗu: ƙwallon Amurka, ƙwallon kwando, guje-guje da tsalle-tsalle, da besbol. A cikinsu duka, besbol ne wasan da ya fi rauni a kansa a lokacin.

Filin besbol yana da tashoshi huɗu a kusurwoyi huɗu, tsakanin kowace da ta gaba kimanin mita 27. Mai bugu yana dukan ƙwallo da sanda, ya ruga daga tasha zuwa tasha har ya dawo gida, wato inda ya tashi, sannan a ba ƙungiyarsa maki. Mutum huɗu ke tsaron cikin fili: na tasha ta farko, na ta biyu, na ta uku, da wanda ke tsayawa tsakanin ta biyu da ta uku. Kowane gurbi da irin hannu da ƙafar da yake bukata, shi ya sa galibin ƙwararru ke tsufa a gurbi ɗaya. Robinson ya riƙe dukkan huɗun a rayuwarsa ta wasa.

Kafin nan sai da ya yi soja. An ɗauke shi a 1942, ya kai muƙamin laftanal. A Yulin 1944, a sansanin Hood na jihar Texas, direban motar soja ya umarce shi ya koma kujerun baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, kotun ta wanke shi.

A 1945 ya shiga ƙungiyar Kansas City Monarchs, a gasar baƙaƙen fata, kan albashin dala 400 a wata, yana tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Babu rubutacciyar dokar da ta hana baƙar fata shiga babbar gasar besbol ta Amurka, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙungiyoyi suka haɗa baki suka rufe ƙofar. Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya ƙudurta buɗe ta. Ranar 28 ga Agustan 1945 ya kira Robinson ofishinsa, ya yi ta kwaikwayon irin zagin da zai sha a fili da otal, don ya gwada zuciyarsa. Sharaɗin da ya gindaya shi ne kada ya rama, ko da baki ko da hannu. Ga mutumin da ya gwammace kotun soja da kujerar baya, wannan alkawari ya fi kowane atisaye nauyi.

Aka fara tura shi Montreal Royals a ƙasar Kanada, ƙaramar ƙungiyar da Dodgers ke rainon 'yan wasa a cikinta. Can aka mai da shi tasha ta biyu, domin masu horo sun ga jifansa ba shi da ƙarfin da tsohon gurbinsa ke bukata. A kakar 1946 kusan kashi 35 cikin ɗari na bugunsa sun yi nasara, babu wanda ya kai shi a gasar, kuma Montreal ta ɗauki kofi.

Ranar 15 ga Afrilun 1947 ya fito filin Ebbets a Brooklyn sanye da rigar Dodgers mai lamba 42, yana da shekara 28, shekarun da sa'o'insa suka riga suka yi nisa a babbar gasa. Tasha ta biyu tana hannun Eddie Stanky, saboda haka aka ba shi ta farko, gurbin da ya fara koya makonni kaɗan kafin nan. Wuri ne mai haɗari ga wanda ake jin haushinsa, don mai tsaronsa dole ya ɗora ƙafa a kan tashar yayin da mai gudu ke tahowa da takalmi mai ƙusoshi. A watan Agusta Enos Slaughter na St. Louis Cardinals ya taka shi a ƙafa. Tun kafin a fara kakar wasu abokan wasansa suka zagaya da takardar ƙin yarda da shi, har sai da koci Leo Durocher ya tsawatar. Kocin Philadelphia, Ben Chapman, ya jagoranci yaransa wajen yi masa ruwan ashar. Robinson ya haɗiye, ya kammala shekarar da satar tasha 29, wato rugawa zuwa tasha ta gaba kafin masu tsaro su farga, ya kuma karɓi kyautar sabon ɗan wasan da ya fi kowa.

Da aka sayar da Stanky a 1948, Robinson ya koma tasha ta biyu, kuma a nan ne aka ga ainihin gwanintarsa, wadda labarin wariyar launi yakan rufe. Shi da Pee Wee Reese, ɗan jihar Kentucky, sun ƙware wajen fitar da masu gudu biyu da ƙwallo ɗaya. A 1951 kaɗai Robinson ya sa hannu a irin wannan sau 137. A 1949 ya fi kowa nasarar bugu a gasar National, ɓangaren babbar gasa da Dodgers ke ciki, da kashi 34.2 cikin ɗari, ya saci tasha 37, aka zaɓe shi gwarzon shekara. Daga wannan shekarar ne kuma ya daina yin shiru: ya soma gardama da alƙalan wasa, yana faɗin ra'ayinsa kan wariya, wasu 'yan jaridar da suka yaba haƙurinsa suka koma kiransa mai girman kai.

A 1953 aka sake matsar da shi don a ba matashi Jim Gilliam wuri, ya riƙa raba lokacinsa tsakanin tasha ta uku da bayan fili. A shekaru goma da ya yi, Dodgers ta kai wasan ƙarshe na ƙasa sau shida, kowane karo tana karawa da New York Yankees, ta ci sau ɗaya a 1955. A wasan farko na wannan karawa, yana da shekara 36, ya saci gida a gaban Yogi Berra na Yankees, wanda har ƙarshen rayuwarsa bai yarda alƙali ya yanke daidai ba.

A Disambar 1956 Dodgers ta sayar da shi ga New York Giants, amma ya zaɓi ya yi ritaya ya kama aikin mataimakin shugaba a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts. An shigar da shi zauren gwarazan besbol a 1962. Ciwon suga ya raunana masa ido da zuciya, ya rasu ranar 24 ga Oktoban 1972 yana da shekara 53, kwana tara bayan ya faɗa a bainar jama'a cewa yana son ganin baƙar fata ya zama koci a babbar gasa. Hakan ta faru a kakar 1975, lokacin da Frank Robinson ya fara aiki a matsayin kocin Cleveland. A 1997 aka janye lamba 42 daga dukkan ƙungiyoyin babbar gasa, sai ga waɗanda suke sanye da ita a lokacin, kuma na ƙarshensu, Mariano Rivera na Yankees, ya yi ritaya a 2013.