3.4 Ƙarshen Zamanin Inji Mai Shafaffen Kai

Kamar yadda aka nuna a baya, bawul ɗin wannan inji a gefen silinda suke. Tsarin ya sauƙaƙa ƙira, amma ya hana a matse iska da fetur yadda ya kamata. A ganin mai wannan bincike, wadatar fetur mai jure matsi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ce ta tona wannan rauni. A 1949 Cadillac da Oldsmobile suka fito da V8 mai bawul a sama. Ford, wanda ya riƙe tsohon tsarin tun 1932, ya daina sa shi a motocin Amurka bayan 1953. Rambler American kuwa ta ja har 1965.