Me ya sa ake cewa Durɓi ta Kusheyi?

Gabas da birnin Katsina, tafiyar kimanin kilomita 32, cikin ƙasar Mani, akwai wani ƙauye mai suna Durɓi ta Kusheyi. Baƙo da ya je zai tarar da gonaki, da manyan kukoki, da wasu tuddan ƙasa waɗanda ba ruwa ko iska suka tara su ba. Mutane ne suka tula su a kan gawawwakin manyansu. Waɗannan tuddai su ne kusheyin da ke cikin sunan.

Kushewa tsohuwar Hausa ce, jam'inta kusheyi. Kabari kuwa daga Larabci ya shigo tare da Musulunci, har ya haifi makabarta, ya kuma mamaye bakin jama'a. Yau ba kasafai ake jin kushewa ba sai a bakin dattawa, ko a addu'ar Allah ya haskaka kushewar mamaci. Sunan ƙauyen ya riƙe tsohuwar kalmar, kuma haka ya dace da shi, domin waɗanda ke kwance a wurin ba jana'izar Musulunci aka yi musu ba. Da kayansu aka binne su.

An ga shaidar haka da ido. A 1907 Bature Palmer ya tona wasu daga cikin tuddan, a farkon sarautar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka tona wasu. Aka sami zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya, da kuɗin wuri, da tasar tagulla irin ta Masar ta zamanin Mamluk. Kayan da aka kai birnin Mainz na Jamus aka gyara sun nuna an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wato tun wancan lokaci hajar hamada tana isowa wannan daji.

Sai Durɓi. Tarihin baka na Katsina ya ce Durɓawa ne suka fara mulkin ƙasar, daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau mutumin 'Yandoto ya kayar a kokawa, ya kashe shi, ya karɓi sarauta. Mulki ya koma birni, amma sunan bai mutu ba. Durɓi ya zama sarauta, yana cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, kuma Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani. Da Haɓen Katsina suka ƙaura arewa bayan jihadi suka kafa Maraɗi, da wannan sarauta suka tafi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne 'yar ƙaramar kalmar nan ta tsakiya. Wasu marubuta suna fassara sunan da cewa kaburburan Durɓi ne, su ƙara da cewa Durɓi shi ne babban mai tsafi. Ban yarda da wannan karatu ba. Da haka ake nufi, Bahaushe zai ce Kusheyin Durɓi. Da kuma mai sarautar ake nufi, namiji ne, sai a ce Durɓi na Kusheyi. Gari ne Hausa take kira da mace: Kano ta Dabo, Katsina ta Korau. Saboda haka Durɓi a nan wuri ne, mazaunin Durɓawa, aka bambance shi da abin da aka san shi da shi, wato Durɓin nan mai kusheyi.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an haɗe kalmomin an rubuta Takusheyi, kamar yadda ya zama ruwan dare a littattafan Turanci da takardun hukuma. Ɗan makarantar da ya karanta shi a haka sai ya ɗauka sunan wani mutum ne ko wani baƙon harshe. Tun 1959 gwamnati ta sa tuddan cikin wuraren tarihi na ƙasa. Masu kula da su ya kamata su raba kalmomin nan uku a rubuce-rubucensu, su kuma mayar wa Durɓi lanƙwasarsa.