Koset daga tsohon zane: abin da ya kamata ki sani kafin almakashi ya taɓa zanen kaka

Kwanakin baya na je gida Minna bikin 'yar yayata. Amarya ta kafe ita lallai rigar koset take so ranar kamu, kuma da zanen tsamiyar da marigayiya kakarmu ta bari a akwati. Aka kai wa wani tela ya yanka. Ranar gwaji ana jan igiyar baya, sai zanen ya dare daga ƙugu har ƙasa. Babu riga, babu zane. Yayata har kuka ta yi. Shi ya sa na ce bari in rubuto wa 'yan uwana na Agege, Sabon Ibadan, Shagamu da Fatakwal, don na ga yayin ya shigo mana sosai.

Mene ne koset?

Riga ce mai kame jiki daga ƙirji ko ƙasan ƙirji zuwa ƙugu. Ana haɗa ta da ƙananan fallaye, a zura siraran ƙarafa ko roba a tsakaninsu don ta tsaya, a ɗaure da igiya ta baya. Matan Turai sun daɗe suna sa ta a matsayin kayan ciki, musamman a ƙarni na 19. Yanzu ta fito waje, telolinmu na haɗa ta da leshi, atamfa da ashoke.

Daga ina dabarar tsohon zane ta zo?

Misalin da ya fi shahara na Japan ne. Matan can suna ɗaure rigarsu ta gargajiya, kimono, da wata ɗamara mai suna obi. Ta biki faɗinta kusan santimita 30 ne, tsawonta kuma kimanin mita 4. Mafi daraja saƙar alharini ce, wani lokaci da zaren zinariya, kuma unguwar Nishijin a birnin Kyoto ta yi suna wajen saƙa ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ƙare a 1945, kayan Turawa suka zama suturar yau da kullum, kimono ta koma ta buki. Tsofaffin ɗamaru suka taru a akwatuna da shagunan gwanjo, masu ɗinki a Japan, Turai da Amurka suka riƙa mayar da su jakunkuna da koset. Obi tana da kauri da tauri, ga faɗinta ya yi kusan tsayin gajeren koset.

Namu fa?

Mu ma muna da irin wannan dukiya, kuma wanda ke zaune cikin Yarbawa zai gane ta da sauri:

Tsamiya: zare ne na wata tsutsa da ke cin ganyen itatuwa irin su tsamiya, launinsa ruwan ƙasa mai haske. Yarbawa na ce masa sanyan.

Alharini: ja mai shigen garura, wanda fatake ke kawowa Kano ta hamada daga Tarabulus a ƙarni na 19. Shi ne alaari na Yarbawa.

Saƙi: baƙin rini mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo. Su suna ce masa etu.

A Jihar Neja, Nufawan Bida sun daɗe da shahara a saƙa, kuma zannuwansu na cikin akwatunan tsofaffi da yawa a Minna. Sai dai ki lura da bambancin. Saƙar maza siririn ƙwarya ce, kusan santimita 10, ana harhaɗa ta da ɗinkin hannu. Wurin haɗin nan ne ke fara sakewa idan aka ja. Ga shekaru, ga asu, ga danshi, duk sun ci ƙarfin zaren.

Kafin ki yanke

Ɗaga zanen a rana ki duba. Duk inda haske ya ratso sosai, wurin ya mutu.

Tambayi tela kai tsaye: da me zai yi shafi? Dole ƙarfin koset ya kasance a jikin yadin auduga mai tauri na ciki, ƙarafan ma can za su zauna. Tsohon zanen ado ne kawai a sama. Nan telanmu ya yi kuskure.

Ya fara gwada ɗinkin da yadi mai araha a jikinki, kafin ya taɓa na gadon.

Kada a matse har numfashi ya yi wuya. Amarya na wuni a zaune, ga sallah, ga cin abinci.

Batun sutura kuwa kowa ya sani: riga ce mai fito da surar jiki. Da yawa kan bar ta ga zaman mata zalla, ko su rufa da babban mayafi.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci: zanen gado ba naki ba ne ke kaɗai. Ki nemi yardar 'yan uwa. Idan ɗaya ne tak ya rage a gidan, shawarata ki ɗaura shi yadda kaka ta ɗaura, ki sayi sabon ashoke na Iseyin a yi miki koset ɗin. Sabo ana samu a kasuwa gobe. Na kaka kuwa, in an yanka ya tafi ke nan.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba amarenmu zaman lafiya.