Shekaru Ɗari na Gandun Virunga da Matan da Ke Gadinsa

A watan Afrilun 2025 ne gandun dajin Virunga da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya cika shekara 100, kuma babu gandun ƙasa da ya girme shi a duk Afirka. Silar kafuwarsa wani Ba'amurke ne, Carl Akeley. A 1921 ya hau tsaunukan yankin da bindiga don ya samo wa gidan tarihin New York goggon biri. Ya harba, ya samu, amma natsuwar dabbobin ta taɓa masa zuciya, sai ya koma mai roƙon a kare su. Sarki Albert na Beljiyam, ƙasar da ke mulkin Kwango a lokacin, ya karɓi kukansa, aka keɓe dajin a 1925 da sunan sarkin. Shekara na zagayowa Akeley ya dawo, ajali ya riske shi a kan dutsen Mikeno, nan aka binne shi.

A 1969 aka raɗa wa gandun suna Virunga. Shekarun yaƙi a yankin sun jijjiga shi, sai dai masu gadi ba su watsar da aikinsu ba.

Farfaɗowa ta zo bayan an naɗa Emmanuel de Merode shugaban gandun a 2008. A zamaninsa ne, a 2014, mata huɗu suka tsallake horon aikin gadi da maza da dama ke faɗuwa, suka sa kaki. Wasu suka biyo sahunsu. Da asuba suke shiga daji cikin sanyi da laka, su nemo shimfiɗar ganyen da dangin goggon biri suka kwana a kai, su kwance tarkon waya da mafarauta ke ɗana wa gada amma ya kama hannun ɗan goggo. Kowane goggo da zanen hancinsa ake gane shi.

Aikin nan da rai ake biyansa. Fiye da masu gadi 200 sun rasu a bakin aiki, ciki har da Rachel Masika Baraka, 'yar shekara 25, wadda 'yan bindiga suka kashe a watan Mayun 2018 tana rakiyar baƙi. Amma jininsu bai zuba a banza ba: goggon birin tsauni da aka fitar da rai da shi yanzu ya haura 1,000 a Kwango da Ruwanda da Yuganda.

Duk mai kishin dazukan Afirka ya kamata ya tsaya wa waɗannan mata, a biya su hakkinsu a kan kari, a kuma riƙe marayun da abokan aikinsu suka bari.